Ɗana ɗan wasa ne a sakandare a Teksas: idan ya sauya makaranta, za a bar shi ya buga?

Tambaya: Ina zaune da iyalina a wata unguwa da ke gefen birnin Hiyustan a jihar Teksas. Ɗana mai shekara 16 ya kammala aji 10, kuma yana buga ƙwallon kwando a babbar tawagar makarantarsu, sai dai ba a cika sa shi a wasa ba. Kocin da ke horar da shi a kulob lokacin hutun bazara yana aiki a wata makarantar gwamnati da ta fi tasu suna a wasa, ya kuma ce yaron zai fi samun dama a can. Ƙanena yana zaune a shiyyar wannan makaranta, wato yankin da take ɗaukar ɗalibai daga cikinsa, ya ce in mayar da yaron hannunsa mu yi rajista da adireshinsa. Shin za a bar shi ya buga wasa idan muka yi haka?

Amsa: Alhaji, Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Na yi shekaru ina aikin tantance takardun 'yan wasa a ofishin wasanni na wata sakandaren gwamnati a wannan jiha, kuma tambayarka tana cikin waɗanda na fi samu daga mutanenmu, don haka zan faɗa maka abin da na sani ba tare da rufa-rufa ba. Idan kuka bi shawarar nan yadda ka bayyana ta, abin da ya fi yiwuwa shi ne yaron zai shafe shekara guda cur bai buga wa babbar tawaga wasa ko ɗaya ba, domin shirin naku ya taka dokoki biyu mabambanta a lokaci guda: dokar mazaunin iyaye, da dokar da ta hana sauya makaranta don wasa. Ko ɗaya daga cikinsu ta isa ta zaunar da shi. Karɓar yaro a aji daban, ba shi izinin sa rigar tawaga daban, kuma a nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa, domin ofishin rajista zai iya karɓarsa da murna a watan Agusta, sai a watan Nuwamba, ana gab da fara kakar wasa, a ce masa ya koma benci.

Ya kamata a fara sanin mai dokar. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta tsara sharuɗɗan cancantar 'yan wasan sakandare. Akwai ƙungiyar ƙasa da ake kira NFHS, wadda aka kafa a 1920 kuma hedikwatarta take birnin Indiyanafolis, amma aikinta shi ne rubuta ƙa'idojin yadda ake buga wasannin kansu. Batun wane yaro ne ya cancanta ya buga kuwa, kowace jiha tana da hukumarta da littafinta. A Teksas hukumar ita ce UIL, wadda ta samo asali tun 1910 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Teksas da ke Ostin. Mafi yawan makarantun kuɗi da na addini a jihar suna ƙarƙashin wata ƙungiya daban mai suna TAPPS, da nata dokokin. Saboda haka duk shawarar da wani ɗan'uwa da ke Ohayo ko Fulorida ya ba ka daga abin da ya faru da ɗansa, ka saurare shi don zumunci, amma kada ka gina komai a kanta.

Dokar mazauni a UIL tana cewa ɗalibi zai wakilci babbar tawagar makarantar da iyayensa suke zaune a shiyyarta. Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce iyaye. Ba inda yaron yake kwana ake tambaya ba, inda uwa da uba suke zaune ake tambaya, kuma zama na gaskiya. Littafin hukumar ya zayyana alamomin da ake dubawa don gane ƙaura ta gaskiya: ko iyali sun saya ko sun kama hayar gida a sabuwar shiyyar, ko gidan zai ɗauki iyalin gaba ɗaya, ko an kwashe kayan ɗaki an kai can, ko tsohon gidan an sayar ko an sa shi a kasuwa da farashi na hankali ko an kawo ƙarshen hayarsa, ko an cire sunanku daga takardun wuta da ruwa na tsohon gidan, da kuma ko masu lasisin tuƙi a gidan sun sauya adireshinsu. Yaron da iyayensa ba sa zaune a shiyyar zai iya samun cancanta ta hanya ɗaya mai sauƙi amma mai tsawo, wato ya yi shekara guda cikakkiya yana halartar makarantar ba tare da yankewa ba. Kafin nan ana iya barinsa ya yi atisaye, ya kuma buga wa ƙaramar tawaga, amma babbar tawaga, wadda ita ce ke zuwa gasar jiha kuma a tsakanin biyun ita masu neman 'yan wasa daga jami'o'i suke kallo, a rufe take gare shi.

Batun ƙaninka ne na fi so mu tsaya a kansa, domin a nan al'adarmu da dokarsu suke cin karo, kuma ban taɓa ganin laifin mutanenmu ba idan suka kasa gane dalili da farko. A wurinmu baffa uba ne. Yaro ya tashi a hannun baffansa ko gwaggonsa abu ne da kowane gida ya sani, har a kan ga ɗan riƙo ya girma bai san ba a gidan aka haife shi ba, kuma babu wanda zai nemi takarda kafin ya yarda cewa mai riƙon ne ke da iko da shi. Dokar UIL ba ta musanta riƙo ba, amma ta ɗaure shi da lokaci. Idan iyaye suna raye, mazaunin mai riƙo ba ya zama mazaunin yaro sai in hukumar da ta dace ta naɗa shi mai kula da yaron, an rubuta hakan a ofishin magatakardan gunduma sama da shekara guda da ta wuce, kuma yaron ya zauna a hannunsa shekara ɗaya ko fiye ba tare da yankewa ba. Idan babu wannan naɗi na shari'a, sai yaron ya yi shekara uku yana zaune a gidan kuma mai riƙon ne ke ɗaukar nauyinsa. Takardar wakilci da ake sa wa hannu a gaban mai tambarin shaida, wadda da yawa daga cikin mutanenmu suke ɗauka ta wadatar, tana iya isa a yi wa yaro rajista a wasu gundumomi, amma ba ta maye gurbin waɗannan sharuɗɗa. Ka lissafa da kanka: yaron da saura masa shekara biyu ya gama, shekara uku ta fi ƙarfinsa, shekara ɗaya kuwa rabin abin da ya rage masa ne.

Wasu sukan ce to sai a kama ɗan ƙaramin ɗaki a shiyyar da sunan uba, a samu takardar haya da takardar wuta, shi ke nan. Na taɓa raka daraktan wasanninmu duba irin wannan gida, domin makarantu sukan tura ma'aikata su ga mazaunin sabon ɗan wasa da idonsu kafin su sa hannu a takarda. Iyali ne mai mutum shida a rubuce. Muka tarar da ɗaki ɗaya da falo, katifa guda a ƙasa ko zanin gado babu, kujerun roba biyu, firiji babu komai a ciki sai gorar ruwa, kicin ɗin kuma ko ƙamshin girki bai taɓa ji ba. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana ta bayanin cewa sauran kaya suna hanya, yaron kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, domin ya san ƙannensa a lokacin suna tsohuwar makarantarsu ta firamare a wata shiyya, kuma ya san mun sani. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne fuskar wannan yaro, wanda aka sa shi ya tsaya shaidar abin da ya san ba haka yake ba a gaban mutanen da zai riƙa gaisarwa kullum da safe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka kuma ya fi ƙurewa, domin ba hukuma ce ke fara gano irin wannan ba. Iyayen yaron da ɗanka ya karɓe wa gurbi ne, ko kocin makarantar da za ku kara da ita, ko hoton da yaron da kansa ya sa a Instagram daga tsohon ɗakinsa.

Yanzu a ɗauka kun tashi da gaske, kun sayar da gida, kun koma shiyyar da kowa da komai. Wannan ya warware dokar mazauni, amma doka ta biyu tana nan, kuma ita ce ta fi kama ku. UIL ta ce duk ɗalibin da ya sauya makaranta don wasa ba zai buga wa babbar tawagar sabuwar makarantar ba na aƙalla shekara guda, ko da iyayensa sun ƙaura zuwa shiyyar. Hanyar da ake bi a gano haka ita ce wata takarda da ake kira PAPF, wadda ake cikewa ga sabon ɗalibin da ya taɓa yin wasa ko atisaye a wata makaranta. Kai za ka sa hannu, sabuwar makaranta za ta sa, sannan a aika wa tsohuwar makaranta, inda tsohon kocinsa da shugabanninta za su amsa tambayoyi, ciki har da ko an zawarci yaron, ko an samu saɓani tsakaninsa ko iyayensa da koci, da ko a ganinsu don wasa ya tashi. Idan suka amsa da e, maganar takan je gaban kwamitin zartarwa na rukunin gasar, wanda ya ƙunshi wakilan makarantun da sabuwar makarantar take karawa da su. A cikin alamomin da littafin ya ambata da ke nuna an tashi don wasa akwai biyu da suka fito ɓaro-ɓaro a tambayarka: rashin jin daɗin koci a tsohuwar makaranta, da kuma bin kocin kulob zuwa makarantar da yake aiki. Ka tuna duk saƙon waya da ka taɓa aika wa tsohon kocin kana ƙorafin ba ya sa ɗanka, da duk maganar da ka yi a bakin fili a gaban wasu iyaye, suna iya dawowa a karanta maka su a wannan zama. Wanda hukuncin kwamitin bai yi masa daɗi ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin zartarwa na jiha, amma can ma tambayar ɗaya ce, wato me ya sa aka tashi.

Game da kocin nan, ban san zuciyarsa ba kuma ba zan zarge shi da mugun nufi ba, mai yiwuwa yana ƙaunar yaron da gaske. Amma ma'aikacin makaranta ya ce wa yaron wata makaranta ya dawo wurinsu zai fi samun dama, wannan shi ne ainihin abin da doka take kira zawarcin ɗan wasa, kuma haramun ne a kusan kowace jiha. Kocin da ya san aikinsa, da ka tambaye shi sai ya ce ba zai iya magana a kai ba, ka je ofishin shugaban makaranta. Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓa duba wannan batu har sau biyu a rikicin makarantar Brentwood Academy da hukumar wasannin jihar Tenesi, wanda ya faro daga wasiƙar da kocin makarantar ya aika wa yaran aji 8 a 1997 yana gayyatarsu atisaye. A 2001 kotun ta ce hukumar tana aiki ne tamkar hannun gwamnati, don haka dole ta mutunta tsarin mulki, sannan a 2007 ta ce duk da haka dokar hana zawarci ba ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ba.

Zan faɗi ra'ayina a kan dokar kanta, domin ba na cikin masu ganin ba ta da aibi. Dalilin kafa ta mai kyau ne: a hana makarantu masu ƙarfi kwashe yaran makarantun talakawa, a kare yaron unguwa da ya yi shekara biyu yana jiran lokacinsa, a kuma tuna wa kowa cewa karatu ne ya kawo yaro makaranta. Amma tana da tarihin wuce gona da iri. A da, a nan Teksas, duk wanda ya buga ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka a wata makaranta sai ya zauna shekara guda ko mene ne dalilin tashinsa, har sai da aka kai ƙara a kan wani yaro da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki daga jihar Vermont zuwa Ostin, Kotun Ƙolin Teksas ta rushe dokar a 1981 a shari'ar da aka sani da sunan Sullivan, tana cewa ta haɗa mai laifi da marar laifi. Har yau kuma akwai rashin adalcin da nake gani da idona: mai kuɗi yana iya sayen gida a shiyyar da yake so ya cika kowane sharaɗi, direban tasi mai haya kuwa da wuya ya iya, kuma dokar da ke neman sanin niyyar mutum tana ba da dama ga kocin da ya ji haushi ya rama. Duk da haka, idan aka auna, na fi son a gyara ta da a yar da ita, kuma ko da ina ƙin ta, ita ce za ta yi hukunci a kan ɗanka a bana.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne hukuncin ba ya tsayawa a kan yaronsu. Mafi ƙarancin abin da ke biyo bayan sa ɗan wasan da bai cancanta ba shi ne a ƙwace duk wasannin da ya buga a ba abokan karawa. A watan Maris na 2022 makarantar Duncanville da ke kusa da Dalas ta ci kofin ƙwallon kwando na jiha a rukunin manyan makarantu, da ɗan wasan da kwamitocin UIL suka riga suka yanke cewa don wasa ya sauya makaranta, amma iyalinsa suka samo umarnin kotu da ya ba shi damar bugawa. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar ta ƙwace kofin, ta kuma dakatar da kocin na shekara guda. Yara fiye da goma da ba su da hannu a komai suka rasa abin da suka yi wa gumi. Wannan misali yana kuma amsa tambayar da nake jin za ka yi, wato ko lauya zai iya taimakawa. Kotuna a Amurka galibi ba sa ɗaukar buga wa makaranta wasa a matsayin haƙƙin da tsarin mulki ya ba ɗalibi, kuma umarnin wucin gadi da alƙali zai bayar yana iya rushewa bayan an gama kaka, a lokacin da babu sauran gyara.

Za ka ji ana cewa ai yanzu an saki mara, yara suna sauya makaranta yadda suka ga dama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a wasu wurare. Tun da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe rajistar masu neman sauya jami'a a 2018, ta kuma ba kowane ɗan wasa damar sauyawa sau ɗaya ba tare da zama ba a 2021, iskar ta kaɗo zuwa sakandare. Fulorida ma ta riga NCAA, domin tun 2016 majalisarta ta yi dokar da ta ba ɗalibi damar bugawa da zarar ya shiga sabuwar makaranta. Niyu Jasi ta amince da sauyi ɗaya kyauta a 2023 ga wanda bai kai ajin ƙarshe ba. Kalifoniya tana zaunar da wanda ya sauya karo na farko ba tare da ƙaura ba na kusan rabin kakar wasa, amma wanda aka kama ya ba da bayanin ƙarya zai iya rasa cancanta har wata 24. Ohayo kuwa ta juya lissafin a 2018: yaro ya buga rabin farko na kaka, ya zauna a rabi na biyu da gasar jiha, don kada a riƙa ɗauko 'yan wasa saboda kofi. Waɗannan dokoki suna sauyawa kusan kowace shekara, shi ya sa littafin bana na hukumar jiharka ne kaɗai abin dogaro.

Akwai ƙofar rangwame, amma ƙarama ce. UIL tana da jami'in da ke duba buƙatar a ɗage dokar mazaunin iyaye ko dokar da ta iyakance cancantar ɗalibi zuwa shekara huɗu, kuma abin da yake nema shi ne hujjar cewa abin da ya faru ya zo ne ba da son ran yaron da iyayensa ba kuma ba yadda za a kauce masa, kamar rasuwar mahaifi, rashin lafiya mai tsanani, ko watsewar gida da ta tilasta yaro komawa hannun dangi. Yaran da suka rasa matsuguni suna da kariyar dokar tarayya ta McKinney-Vento ta 1987, 'ya'yan sojoji kuma suna da yarjejeniyar da dukkan jihohi 50 suka shiga. Idan iyaye sun rabu ta hanyar kotu, mazaunin kowannensu yana iya zama na yaron. Idan kuwa rabuwar zama ce kawai ba saki ba, kuma ɗayansu yana nan a tsohuwar shiyya, to mazaunin wanda bai tashi ba ake ɗauka. Rashin samun isasshen lokacin wasa ba ya cikin waɗannan, kuma ina roƙonka kada wani ya ba ka shawarar ƙirƙiro rabuwa a takarda, domin na ga an yi, na kuma ga yadda ta ƙare.

Kada kuma a yi tunanin shekarar da aka zauna za a biya ta daga baya. Agogon cancanta yana fara tafiya ranar da yaro ya fara shiga aji 9, yana kuma ƙarewa bayan shekara huɗu a jere, ko ya buga ko bai buga ba, ko da ya maimaita aji. Wanda ya cika shekara 19 a ranar 1 ga Satumba ko kafin ta shi ma ya fita, abin da ke shafar yaranmu da yawa da suka zo daga gida aka mayar da su baya da aji ɗaya saboda Turanci. Ga kuma karatu. Tun dokar 1984 da ta fito daga kwamitin da attajirin Teksas Ross Perot ya jagoranta, ɗalibin Teksas da ya samu ƙasa da maki 70 a wani darasi a ƙarshen zangon tantancewa yana zama ba wasa, a yanzu na mako uku na makaranta. Sauya makaranta a tsakiyar sakandare yakan rikita jadawalin darussa, wannan kuma yana da tasiri a kan burin da na tabbata shi ne a zuciyarka, wato gurbin karatu a jami'a. Domin shiga rukuni na ɗaya na NCAA, wato mataki mafi girma na wasannin jami'o'i, ana buƙatar manyan darussa 16 da aka amince da su, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma dole a kammala 10 daga cikinsu kafin a shiga aji 12. Ita NCAA da kanta tana cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin karatu ta hanyar wasa, don haka takardar sakamakonsa ta fi cancantar a yi mata tattali fiye da kowace riga.

Tunda wasu za su karanta wannan amsa suna tunanin ɗauko ɗan ɗan'uwa daga gida saboda tsayinsa, bari in ƙara kalma ɗaya. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba zai wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma sai ya biya cikakken kuɗin karatun. A 2017 an janye tawagogin ƙwallon kwando na makarantar Eastside da ke garin Paterson a Niyu Jasi daga gasar jiha bayan 'yan jarida sun bankaɗo cewa an tara yara daga waje, ciki har da 'yan Nijeriya, wasunsu suna zaune a gidan koci. Manya suka rasa aiki, amma yaran ne suka fi shan wuya, nesa da iyayensu, da takardun da ba su da tabbas.

Ga abin da zan yi da ni ne a matsayinka. Kafin ka cire yaron daga makarantarsa, domin cirewar ce ke da wuyar gyarawa, ka nemi zama da daraktan wasanni na makarantar da yake yanzu, ka kuma bar yaron ya je da kansa ya tambayi kocinsa abin da ya rage masa ya gyara don a riƙa sa shi. Ɗan aji 10 da ya riga ya shiga babbar tawaga ba a baya yake ba, domin waɗanda suke gabansa 'yan aji 12 sun gama sun tafi, kuma sau da yawa aji 11 ne lokacin da irinsa suke fitowa. Masu neman 'yan wasa daga jami'o'i a ƙwallon kwando sun fi ganin yara a gasannin kulob na bazara, inda dokar sauya makaranta ba ta hana kowa bugawa, kuma zai iya ci gaba da zama da wannan kocin a can ba tare da ya taɓa cancantarsa ba. Idan kuwa akwai wani dalili na gaskiya da zai sa iyalinku su tashi, kamar aiki, ko haya, ko wani darasi da makarantarsa ba ta koyarwa, to ku tashi gaba ɗaya, ku adana kowace takarda da kwanan watanta, ku zaɓi makarantar da kocin kulob ɗinsa ba ya aiki a cikinta, ku kuma nemi a cike PAPF tun farkon zango don a san matsayinsa kafin Nuwamba. Idan duk da haka kun ga sai wannan makarantar, ku shiga da ido buɗe, ku faɗi gaskiya a takarda, yaron ya san zai yi aji 11 a ƙaramar tawaga kuma kaka ɗaya tak za ta rage masa, sannan ku bar shi ya faɗi ko ya yarda da wannan ciniki, tunda ƙafarsa ce za ta zauna a benci. Ƙaninka kuwa ka yi masa godiya ƙwarai, domin abin da ya yi tayi shi ne abin da baffa na kirki yake yi, amma ka bayyana masa cewa bayar da adireshin ƙarya wajen rajistar makaranta laifi ne a dokar Teksas, kuma gunduma tana iya bin wanda ya yi haka kuɗin karatun yaron na duk tsawon lokacin da ya yi a makarantar.